Injin da Ba Ya Tashi da Hannu Ɗaya

Sakuji ya ja igiyar babur ɗin ƙanƙarar, ta biyo hannunsa salin-alin kamar zaren ɗinki. Ya sake ja, haka dai. Wanda ya yi shekara da shekaru yana tayar da wannan inji ba ya buƙatar a gaya masa abin da ya faru. Matsi ya gudu, fistin hawa da sauka kawai yake yi a banza. Ya miƙe a hankali ya dubi ƙanensa Mitsugu, wanda ke raɓe a bakin gareji yana murza hula.

Ba ranar wasa ba ce. Da safen nan mahaifiyarsu, Inna Tome, ta bugo waya daga tsohon gidansu na can ƙarshen kwarin Ponbetsu, inda ta ƙi bari tun rasuwar mijinta. Ta ce wani abu yana yaƙushin bangon barga. Ƙanƙara ta zaftaro daga dutse ta binne hanyar mota, mafarautan gari sun ce ba za su iso ba sai an share ta, kuma duk unguwar babu abin hawa da zai kai mutum can sai wannan babur.

"Me ka yi masa?"

"Yaya, ka tsaya in yi maka bayani."

"Na ce me ka yi masa?"

"Ƙofofi na ɗan buɗe masa tun kaka. Duk mai shiga tseren kan daskararren tafki haka yake yi."

Mitsugu ya haura arba'in, furfura ta fara fito masa, amma da ya ji ƙarar tsere sai hankalinsa ya koma na ɗan shekara goma. A ɓoye ya cire silindar, ya sa injin gurza ya faɗaɗa ƙofofin cikinta, waɗanda mai ke shiga hayaƙi ke fita ta cikinsu, ya kuma ɗaga su sama. Injin da aka yi wa haka kururuwa yake a fili kamar zai tashi sama, amma ɗora masa kaya ka ga rago.

"Buɗe ƙofa kaɗai ba ya kashe matsi haka," in ji Sakuji. "Jiya da ka je wurin Inna, me ka ja da shi?"

Mitsugu ya yi wuƙi-wuƙi. Can ya ce, "Goɗiyar Baba. Dattijo ne ya kashe ta."

A kwarin nan ba a kiran beyar, ƙaton naman dajin nan mai gashi da farata, da sunansa, sai dai a ce Dattijo. Yawancinsu suna cikin ramukansu suna barci a wannan lokaci, amma akan sami wanda bai sami rami ba, ya yi ta yawo da yunwa cikin sanyi, kuma irinsa ne ke cin mutum.

"A ina ka same ta?"

"Bakin kurmi."

"A buɗe?"

"An ɗan rufe ta da ƙanƙara da rassa. Yaya, Inna ce ta yi ta kuka. Ta ce goɗiyar da ta nome gonar nan tun muna yara ba za ta zama abincin dila da hankaka ba. Ta ce a adana ta, in ƙasa ta narke a binne ta a kafa mata dutse, yadda ake yi wa kowane dokin kirki. Ni me zan ce mata?"

"Ka kai ta ina?"

"Barga."

Ko jaririn Ponbetsu ya san abin da Dattijo ya binne nasa ne, kuma zai bi kayansa duk inda aka kai. Bargar tsohon gidan kuwa rufinsu ɗaya da ɗakin girki, katako ɗaya ne tsakani. Wato wannan ƙaton sakarai ya ɗauki abincin beyar ya ajiye shi a bayan murhun uwarsa, ya kashe injin wajen jan gawar, ya lallaɓo gida ya ɓoye babur ɗin ya yi shiru.

Idon Sakuji ya rufe. Babbar sifana ce a kusa da hannunsa, ita ya sura. Mitsugu ya kauce da kai, ƙarfen ya sauka tsakanin wuyansa da kafaɗar dama, aka ji ƙas kamar an karya busasshen reshe. Ya faɗi cikin gwangwanayen mai. Sakuji ya bi shi da ƙafa, ya hau ruwan cikinsa ya shiga kai masa naushi a fuska har leɓensa ya tsage, jini ya ɓata gaban rigarsa. Mitsugu bai rama ba, ko hannu bai ɗaga ya kare ba, abin da ya ƙara tunzura yayan ke nan.

Yaeko, matar Sakuji, ta faɗo garejin da ludayin miya a hannu ta rafka wa mijinta a ƙeya.

"Kashe shi mana! Kashe shi, Baban yara, in ka gama sai ka tafi wurin Inna a ƙafa ka yi mata albishir ɗa ɗaya ya rage mata. Tsofaffin banza kawai!"

Sakuji ya sauka yana haki. Ya dubi hannun ƙanensa da ya saki yana lilo.

"Ɗaure masa shi," ya ce da ita. "Ki koma ki riƙe Inna a waya. Kai kuma tashi ka riƙe mini fitila, hannun hagunka ai bai mutu ba."

Da ya kwance kan injin ya zare silindar, sai gutsattsarin zoben fistin suka zubo masa a tafin hannu. Ya zura yatsa ya shafa bakin ƙofar hayaƙi, ya fito da shi a yanke.

"Dubi aikin gwani! Ka gurje ƙarfe ka bar bakinsa kamar reza. Ina zobe zai wuce nan bai karye ba? Ko mahauci ya fi ka tausayin abin da yake yanka."

"Ya ci na biyu a tseren," in ji Mitsugu da kumburarren baki.

"Ka ƙara magana in cike maka ɗaya kafaɗar."

Ya sa ƙaramin dutsen wasa wuƙa ya dakushe bakin ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ya goge zanen da zoben ya yi a jikin silinda, ya tono wani zobe daga tsohon fistin da ke cikin akwatin tarkace. Amma zobe kaɗai ba zai isa ba. Ƙarfen da Mitsugu ya gurje ba ya dawowa, kuma tun da an ɗaga ƙofar hayaƙi, fistin ba ya fara matsa mai sai ya yi nisa da hawa. Dole a rage ratar da ke samansa don matsi ya dawo. Sakuji ya jefar da gaskit mai kauri na ƙasan silinda, ya yanka siriri daga takardar kalanda. Ya ciro gilashin taga ya shimfiɗa a teburi, ya manna samfefa a kai, ya kifa murfin silinda ya shiga gogawa yana juyawa.

Aiki ne da ke son sanyin rai, shi kuwa ba shi da ko ɗigo. Duk gogar da zai yi, fuskar uwarsa yake gani a bayan katakon nan, sai ya ƙara danna ƙarfen da dukan nauyinsa. Toka-tokan garin ƙarfe ya yi ta taruwa a gefen gilashin. Ya haɗa komai ya ɗaure, ya zura siririyar wayar dalma ta ramin fulogi don auna ratar da ta rage, ya juya injin da hannu har fistin ya matse ta, ya zaro ya ɗaga ta a hasken fitila. Ta yi fyal-fyal, ba ta kai kaurin farce ba.

Mitsugu ya leƙa. "Ya yi yawa, Yaya."

"Na gani, ba makaho ba ne ni."

Ya ci ƙarfen fiye da kima. Maganinsa a sake kwancewa a mayar da gaskit mai ɗan kauri, kuma har ya kai hannu kan sifana sai ga Yaeko a guje.

"Inna ta ce Dattijo ya karya ƙofar barga ya shiga. Ta ajiye wayar, ina ta kira ba ta ɗauka."

Sakuji ya mayar da fulogi ya ɗaure. Ya ja igiya da hannu ɗaya kamar yadda ya saba, ta tsaya cak, ta fizge ta koma, ta tafi da fatar yatsunsa biyu. Ya zagi injin, ya dafa ƙafa a jikin babur ɗin, ya kama da hannu biyu ya ja da bayansa duka. Sai a ja na uku ya kama, da wata ƙara da ta zubo da ƙanƙara daga rufin garejin. Yana sassauta babban yatsansa daga totur injin ya fara tari zai mutu, ya yi maza ya sake dannawa. Ƙofofin Mitsugu ba su san zaman lafiya ba, sai gudu.

Ya rataya bindiga. Mitsugu ya haye bayansa da hannu ɗaure a ɗankwalin Yaeko.

"Sauka."

"In ka shiga ɗauko ta, wa zai riƙe maka totur? Dattijo?"

Sakuji ya ba da wuta, suka fita. Babur ɗin ya riƙa cin hanya kamar mahaukaci, yana tsalle a kan tudun ƙanƙara, duk saukar da zai yi sai Mitsugu ya yi nishi a kunnen yayansa. A ƙarƙashin kururuwar injin Sakuji yana jin wata siririyar ƙara, ƙal-ƙal-ƙal, alamar mai yana fashewa kafin lokacinsa saboda matsin ya wuce kima. In ya daɗe a haka zai huda kan fistin. Ya ji, ya ƙara wuta.

A tsakar gidan ya zagaya ya mayar da hancin babur ɗin hanyar da suka fito. Sawun jini ya ja daga bakin barga, ƙofarta tana rataye da hinji ɗaya, daga ciki ana jin ƙarar tauna ƙashi. Mitsugu ya matso gaba ya ɗora yatsan hagu a kan totur.

"Ko me ka gani kada ka saki," in ji Sakuji. "Ka ji ni? Ko me ka gani."

Ya sami Inna Tome zaune a gefen murhu da wuƙar yanka kifi a cinya, sanye da rigar sanyinta, ta cusa allon sunan mijinta na wurin addu'a a ƙirji. Katakai biyu na bangon sun ɓalle, warin gawa ya cika ɗakin, ta kafar ana ganin baƙin gashi yana motsi.

"Sai yanzu?" ta ce. "Da kun bari ya gama da goɗiyar ya zo kaina, ai da kun huta."

"Hau bayana, Inna."

Ba ta kai buhun shinkafa nauyi ba. Ya goya ta, bindiga a hannun dama, ya fito. Sun kai tsakiyar fili ke nan taunar ta tsaya. Dattijo ya fito daga barga da jini har ƙirji, rama ta sa fatarsa tana reto, amma tsawonsa ya cika ƙofar. Bai yi gurnani ba, bai tsaya duba kowa ba, ya sunkuyar da kai ya taho.

Sakuji ya watsar da uwarsa cikin ƙanƙara ya harba daga kwankwaso. Harsashin ya shige cikin dabbar, amma ko gezau. Mari ɗaya ya raba bindigar biyu. Sakuji ya ji an ɗaga shi an maka da ƙasa, ya kare wuyansa da hannun dama, haƙora suka nutse a ciki har ya ji ƙashinsa yana rugurgujewa a bakin dabbar. Farata suka sauka a cinyarsa suka tsaga wando da nama tare. Ana girgiza shi, sama da ƙasa suna juyawa, yana dukan idon beyar ɗin da hagu yana ihun da bai san nasa ba ne.

Sai ya ga Mitsugu a kansu da addar da ke ɗaure a jikin babur ɗin. Da hagu yake sara, sara marar kan gado, amma na farko ya raba hancin Dattijo, na biyu ya tafi da kunne. Dabbar ta saki, ta yi wata ƙara ta juya a kan kanta, ta ja jiki ta faɗa cikin barga tana rusa duk abin da ta tarar.

Wurin ya yi tsit. Sakuji yana kwance yana kallon sama, ya ɗan jima kafin ya gane abin da ke damunsa da shirun nan. Injin ya mutu.

"Na ce kada ka saki."

"To in tsaya ina kallo yana cin ka?"

Inna Tome ta rarrafo ta kwance ɗamararta ta ɗaure masa hannun ta sama, ta ja da haƙoranta da suka rage. Sai a lokacin ta lura da fuskar Mitsugu da hannunsa na cikin ɗankwali.

"Kai kuma wa ya yi maka wannan?"

"Faɗuwa na yi a gareji, Inna."

Ta juyo ta dubi babban ɗanta. "Faɗuwa. Tun kuna ƙanana haka yake faɗuwa in kana kusa."

Sakuji ya kawar da kai. Ciwon maganar ya fi masa na hannun.

Mitsugu ya kama igiya da hagu ya ja. Ta fito kaɗan ta ƙame. Ya dafa ƙafa ya sake ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi, injin ya yi nishi ɗaya ya koma. Sakuji ya ja gindi ya iso, ya ture shi ya gwada da tasa hagun, ko rabin abin da ƙanensa ya yi bai yi ba. Shi ya goge ƙarfen nan da fushi har ya ƙi hannu ɗaya, shi kuma ya karya hannun da zai zama na biyu. A cikin barga Dattijo yana numfashi da ƙarfi, wani irin numfashi mai ruwa-ruwa.

"Ku ba ni nan, shashashai," in ji tsohuwar.

Ta ɗauki karyayyen bututun bindigar ta naɗe marfin igiyar a tsakiyarsa ta ƙulle. "Kai kama nan, kai kama can. Ni zan danna muku abin nan."

Suka jera kafaɗa da kafaɗa, kowa da hagunsa. Ja na farko bai zo daidai ba, injin ya fizge, bututun ya daki Mitsugu a karyayyen ƙashin. Ya ƙwalla ƙara ya durƙusa yana amai, daga barga aka amsa masa da gurnani, katako ya fara ƙara.

"Tashi, Mitsu," in ji Sakuji. Rabon da ya kira shi haka tun suna makaranta. "Tashi, ɗan'uwa. Sai na ce ja."

Suka ja tare, suka faɗi da baya tare, injin ya kama.

Mitsugu ya zare hannun dama daga ɗankwalin yana cizon leɓe, ya ɗora babban yatsa a kan totur. Inna ta hau ta rungume shi ta baya, Sakuji ya jingina cikinsa a ƙarshen kujera ya ja ƙafarsa sama. Mitsugu ya ba da wuta. Bel ɗin ƙasa, wanda ke jan babur ɗin a madadin taya, ya juya a wuri ɗaya, ya watsa ƙanƙara, ya haƙa wa kansa rami, bayan babur ɗin ya nutse. Nauyi ya yi yawa, kuma injin tsere ba ya fita daga rami da lallami.

Sakuji ya mirgino ƙasa.

"Zan tura. In ya fita kada ka sassauta, zan kama ƙarfen baya in hau."

Ya durƙusa a kan ƙafarsa mai lafiya, ya sa kafaɗar hagu a ƙarƙashin ƙarfen ya ɗaga. Bel ɗin yana fesa masa ƙanƙara a fuska, jini yana tsartuwa daga cinyarsa da kowane yunƙuri. Ya tattara abin da ya rage masa ya tura. Babur ɗin ya zabura ya fita. Ya kai hannu, yatsunsa suka taɓa ƙarfen, jinin da ke jikinsu ya sa suka sulluɓe, ya kifa da fuska.

Da ya ɗago sun yi nisan jifa. Inna tana dukan bayan Mitsugu da hannu biyu tana ihu ya tsaya, Mitsugu ya waiwayo, kukan injin ya fara sauka. Hanyar siririya ce tsakanin gaɓa biyu, babu wurin juyawa, kuma in ya tsaya zai sake nutsewa ya mutu.

"Danna, ɗan iska!" Sakuji ya ƙwalla da duk muryarsa. "In ya mutu wa zai ja maka? Danna!"

Kukan ya ɗan yi rawa, sannan ya tashi sama. Suka shige bayan itatuwa.

Sakuji ya ja jiki zuwa gindin rijiya ya jingina, ya jawo addar ya ɗora a cinya. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Amma kunnensa yana can wajen injin. Ya san hanyar nan da ka. Yanzu suna gangara zuwa rafi, yanzu suna kan gada. Bayan gadar akwai doguwar hawa mai tsauri, kuma a nan ne za a san ko aikinsa na yau ya yi ko bai yi ba.

Dattijo ya fito daga barga yana jan hanjinsa a kan ƙanƙara. Ya tsaya yana kaɗa tsagaggen hancinsa, ya sami inda warin jini yake, ya juyo.

Kukan injin ya yi kauri, ya fara hawa. Ko daga nan Sakuji yana jin ƙal-ƙal ɗin nan, tana ƙaruwa. "Riƙe," ya ce a hankali. "Riƙe mini, saura kaɗan." Injin ya yi tari sau ɗaya, zuciyarsa ta tsaya tare da shi. Sai ya sake kamawa, ya ja, ya ja, ya ja, ƙarar ta kai ƙololuwa ta faɗa ɗaya ɓarin tudun ta yi laushi. Daga can gangara ce har ƙofar gidansa, wurin Yaeko, ko da injin ya mutu sulɓi zai kai su.

Numfashin dabbar ya iso fuskarsa, da ɗumi da wari. Sakuji ya gyara riƙon addar a hannun hagu.

"Ka makara, Dattijo," ya ce. "Ta tafi."